Ganyen Sale a Gwangwanin Fenti

Jama'a ku taya ni murna! Ɗana Sante ya shanye kunu kofi guda yau da safe, har ya ƙwace cokalin yana buga min a hanci. Kofi guda cur! Na miƙe na taka rawa a tsakar ɗaki daga ni sai ɗaurin ƙirji, Maman Doto maƙwabciyata ta leƙo ta taga ta ce, "Ke lafiyarki kuwa? Ko hayaƙin bai gama fita daga kanki ba ne?" Ko haushi ban ji ba. Duk wanda ya ga yaron nan ranar Juma'a ba zai hana ni rawa ba.

Masu turo min saƙo kuna cewa, "Aichi kin ɓace, ina labarin mai fulawa?" to ga ni na dawo. Amma ku gyara zama, abin da na zo da shi ba na dariya ba ne. Ni ce dai murna ta hana bakina rufuwa.

Sababbin zuwa, sunana Eliaichi, kowa Aichi yake ce min. Ɗaki ɗaya nake haya a Sombetini, nan Arusha, kitso nake yi a bakin ƙofa. Mijina Elibariki ɗan acaɓa ne, babbar mota ta kwashe shi a hanyar Moshi ina da cikin wata bakwai. An hau da shi gida Marangu, can kan dutse, an binne shi a gonar ayabar ubansa. Sante bai taɓa ganin shi ba. Watansa goma yanzu, goshin nan kuwa na uban ne sak, wani lokaci in ina shafa masa mai sai in kau da kai.

Tun watan Mayu yaron nan yake tari. Ɗakin namu taga ɗaya ce, 'yar mitsitsiya, tana kallon bangon maƙwabta da kwata. Bangon da gado yake jingine kuwa ya yi baƙi da danshi, in ka dafa shi sai hannunka ya jiƙe.

A hanyar kai shi awo na haɗu da Mhina. Shi ne mai sayar da shuke-shuke a ƙarƙashin bishiyoyin bakin titi, mutumin Tanga ne, maganarsa a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Sante ya yi tari a bayana muna wucewa, sai na ji an ce, "Maman yaro, wannan tarin fa ba na titi ba ne, na ɗaki ne."

Na juyo na ce, "Kai likita ne ko mai fulawa?"

"Mai fulawa ne. Amma kunnena lafiya lau."

Ya miƙo min moɗa a cikin yankakken galan, ganyenta tsaye kamar takubba. Ya ce, "Ki ajiye ta kusa da taga. Ba ta son ruwa da yawa, ba ta son rana da yawa, ba ta da mita. Ba kamar wasu ba."

Na harare shi, amma na karɓa. Lambar wayata ma ban san lokacin da na karanto masa ba.

Daga nan kullum da safe sai saƙo ya shigo.

"Barka da asuba Maman Sante. Kin shayar da 'ya'yana?"

"Waɗanne 'ya'yan kuma?"

"Na cikin gwangwani. Na cikin zani na san ba kya mantawa da shi."

Kafin wata biyu ɗakina ya canza, wallahi ba za ku gane shi ba. Mai yaɗo a kwalbar lemo ta bi ƙusa ta zagaye hoton aurenmu. Wata mai siraran ganye da 'ya'yanta suna lilo na rataye ta a saman bokitin ruwa. Alobera biyu a kan kabad, a kan farin leshin da na saƙa. Bangon nan mai baƙi na jera masa gwangwanaye har ya ɓace. Matan da nake yi wa kitso sai su leƙa su ce, "Kai Aichi, ɗakinki kamar falon otal!" Ni kuwa kaina ya fasu.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kada ku zagi bawan Allah. Abin da Mhina ya ce min shi ne, "Suna ɗan taimaka wa iska, suna sanyaya ido, amma ki riƙa buɗe tagar nan." Rabin farko na ji. Sauran kuma a waya na ƙarasa karatuna. Wata mata ce a bidiyo, cikin farin gida mai gilasai, tana nuna irin moɗata tana cewa tana tsotse duk dattin iska ta ba ka mai kyau. Na kalla ya fi sau ashirin. Na ce ashe magani a ɗakina yake.

Sai ranar da ya turo baro har ƙofar gida da wata doguwar shuka a gwangwanin fenti. Ya shafe gwangwanin da shuɗi, ya rubuta SANTE da fari a jiki. Ina ganin ganyen gabana ya faɗi. Sale ne. Mu mutanen dutse ba wanda bai san sale ba. Shi ke tsaye a iyakar gona, shi ke tsaye a kan kabari. In kuma ka yi wa mutum laifin da baki ba zai gyara ba, ko kana da roƙon da kake tsoron a ƙi, ganyensa kake ƙullawa ka miƙa da hannu biyu. Wanda aka miƙa wa ba ya mayarwa. Ba a taɓa yi ba.

Na ce, "Mhina, wannan ba a sa shi a ɗaki."

Ya ce, "Haba Maman Sante, manyan otal ɗin garin nan duk shi ne a bakin matakala. Shi ya fi kowanne tsada a wurina, na hana Bature na kawo wa mutumina."

Na kalli sunan ɗana a jikin gwangwanin. Tun da aka haife shi ba namijin da ya taɓa zama ya yi masa wani abu da hannunsa. Na ce a raina, ai a gari muke, ba a kan dutse ba. Na ajiye shi a saitin kan gado, don nan kaɗai haske yake sauka.

Kwana huɗu da haka surukata, uwar Elibariki, ta sauko daga dutse ba sanarwa.

Maman Bariki 'yar gajeruwa ce, busasshiya, kullum cikin baƙar suwaita da zannuwan kanga biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a kafaɗa. Ta shigo da nonon ayaba a ka da galan ɗin madara a hannu, ƙamshin hayaƙin itace da na shanu ya cika ɗakin. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana ƙare wa gwangwanayena kallo ɗaya bayan ɗaya. Da idonta ya kai kan gado sai ta tsaya cak. Ayabar ma ba ta sauke ba.

"Mene ne wancan?"

"Fulawa ce Mama. Ta gyaran iska."

"Fulawa." Ta maimaita a hankali. "Ke 'yar birni, ni da hannuna na dasa irinsa a kan Bariki, shekara guda kenan. Kullum da safe ina wuce shi in zan je yankan ciyawa. Shi ne ke kuma kika dasa wa ɗansa a ka tun yana numfashi? Kabarin kike yi masa sauri?"

Wayyo. Ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi. Kamar kuma Sante ya san ana maganarsa, ya farka ya kama tari, irin mai jan ƙirjin nan. Ta sauke kayanta ta ɗauke shi, ta kara kunnenta a bayansa ta daɗe. Sannan ta nuna gwangwanin da haɓa.

"Wannan ba rubutunki ba ne. Naki a karkace yake."

Na sunkuyar da kai.

"Namiji ne kenan. To. Ban hana ki aure ba, ke yarinya ce. Amma wannan ɗan gidanmu ne, gidan Lyimo, gonar ubansa na can tana jiran shi, ba zan bari ya ruɓe a ramin nan ba. Na ba ki sati biyu. Lahadi ta sama zan dawo. In na tarar da tarin nan, a bayana zai hau dutse."

Ko shayin da na dafa ba ta sha ba.

Na kira gwaggona da ta riƙe ni tun ina shekara tara, ina kuka. Kun san me ta ce? "To miye a ciki? Ɗa ai na gidan ubansa ne. Ki ba su, ki huta, ki yi aurenki da mai ciyawar taki. Wane namiji ne zai so ki da goyo?" Na kashe wayar ban yi mata sallama ba.

Salen na janye shi daga kan gado na kai bayan ƙofa. Ban iya fitar da shi ba, don shi ba a jefa shi a bola. Na dage da maganin tari na kwalba, na dage da ruwan ɗumi, na roƙi Mhina ya ƙaro min moɗa uku. Tarin ya fara sauƙi kuwa. Har na fara shirya abin da zan dafa wa tsohuwa ranar Lahadi in ga yadda za ta yi da fuskarta.

Sai sanyin Yuli ya sauko. Kwana uku ana yayyafi, gajimare ya rufe dutsen Meru ko gindinsa ba a gani, wanki ba ya bushewa, bangon ɗaki yana hawaye. Ranar Alhamis tarin ya dawo sabo fil. Ranar Juma'a da rana, saura kwana biyu, na yi masa wanka ina jin ƙirjinsa yana ƙugi a tafin hannuna, ƙafafunsa kamar ƙanƙara.

Na san ana cewa kada a rufe ɗaki da gawayi. Kowa ya sani, ni ma na sani. Amma na ce ai masu mutuwa da shi kwana suke yi, ni kuwa rana ce tsaka. Kuma su ba su da abin da nake da shi. Na ƙirga shukokina, goma sha huɗu. Na hura kurfoti a waje har ya yi ja, na shigo da shi tsakar ɗaki. Na sauko da gwangwanayen nan duka, banda salen, na zagaye shi da su, moɗa a sahun gaba, wai su shanye hayaƙin tun bai tashi ba. Na rufe taga, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa, na sa sakata. Na ja da baya na kalli aikina. Wallahi har kyau ya yi min, jan wuta a tsakiya, kore ya kewaye ta.

Muka kwanta a bargo ɗaya. Ɗakin ya yi ɗumi mai daɗi. Can sai na lura Sante ya daina tari. Shiru, numfashinsa ƙasa-ƙasa. Na yi murmushi, jama'a, murmushi na yi! Na jawo waya na rubuta wa Mhina:

"Tarin ya tsaya. 'Ya'yanka suna aiki. Na rufe ko'ina na hura musu gawayi a tsakiya suna sha."

Na tura. Kaina ya fara sara kamar ana ɗaure shi da igiya. Na ce bari in tashi in sha ruwa, ƙafata ta ƙi. Na ji wayar tana ruri a gefen kunnena, ina ganin sunansa, hannuna ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Daga nan ban san komai ba.

Sauran a bakin Maman Doto na ji, ta kuwa ba ni labarin ya kai sau goma, kullum da ƙari.

"Ina zaune ina tsince shinkafa sai ga mutumin naki ya diro daga babur tun bai tsaya ba, takalmin roba ƙafa ɗaya, ɗayan ya bar shi a titi. Wannan mai maganar kamar an jiƙa ta, ashe yana da murya! 'Ku fasa ƙofar! Ku fasa!' Na ce a fasa ƙofar wa, kai ka biya haya? Ya ce gawayi. Ai ban san lokacin da na suri taɓarya ba. Duka uku sakatar ta tashi. Ke, zafin da ya bugo mu! Ga ki nan a sheme baki buɗe, ga ciyayinki sun zagaye wuta kamar masu taron biki. Na ɗauko yaron, ya lanƙwashe min a hannu kamar jiƙaƙƙen zani. Na ce shi kenan."

Hannun Mhina cikin laka yake lokacin da saƙona ya shiga, sai da ya gama dashe ya wanke hannu ya duba. Ban san minti nawa ba ne. Ba na son in sani.

A babur mai ƙafa uku aka kwashe mu. Na farfaɗo a asibiti da roba a hanci, ina amai, kaina kamar zai rabe biyu. Abin da na fara cewa, "Ina ɗana?" Nas ɗin, wata babbar mace mai gilashi, ta nuna min gadon gefe. Yana kwance, an rufe masa rabin fuska da robar numfashi, ɗan cikinsa na ɗagawa da ƙyar. Ba motsi, ba kuka.

Ta ce, "Ke ce mai fulawa?"

Na gyaɗa kai.

"Saurara da kyau 'yata, ki faɗa wa duk wadda kike yi wa kitso. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki akwai wata iska da yake fitarwa, ba wari, ba launi, barci take sa ka har ka wuce. Ko daji kika shigo da shi ɗaki ba zai shanye ta ba. Fulawarki ta ado ce. Maganin iska taga ce. Taga! Kin ji ko?"

Na ji. Amma idona na kan cikin nan mai ɗagawa. Na riƙa ƙirga shi. Na ce Allah, in ɗauka za ka yi, ni ce na hura wutar, ba shi ba. Ban san awa nawa muka yi a haka ba. Wajen faɗuwar rana ya murɗa ƙafa, ya yamutsa goshin nan na ubansa, ya tsandara kuka. Kuka, jama'a! Ban taɓa jin waƙa mai daɗinsa ba. Na fizge robar hancina na rarrafa, nas tana zagina ina dariya ina hawaye.

Maman Doto ce ta kira Marangu tun muna hanya. Da na yi mata ƙorafi ta ce, "Ke rufe min baki. Jininsu ne. Da ya tafi fa, ni zan faɗa musu daga baya?"

Bas ɗin farko na ranar Asabar ya sauke Maman Bariki. Mhina yana zaune a bencin waje tun jiya, ya ƙi tafiya, ya ƙi shigowa. Ta tagar ɗakin ina kallon su. Ta tsaya a kansa ta kalli farcensa mai ƙasa, ta kalli ƙafarsa, ɗaya takalmin roba ɗaya silifa na aro.

"Kai ne mai gwangwani?"

Ya miƙe ya cire hula. "Ni ne, Mama."

"An ce ka iya gudu."

Iyakar abin da ta ce masa kenan ta wuce. Ni kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gadon Sante, ta buɗe kula, mtori ne, farfesun ayabar da ake ba mai jego. Ta zuba a kofi ta turo min da ƙafa, ba magana. Wuni guda haka. Da zagi ta yi da ya fi min sauƙi.

Da yamma na lallaɓa waje. Mhina bai ɗago ba ya ce, "Na ce ki riƙa buɗe taga, Aichi." Ranar ya fara kiran sunana.

Na ce, "Ka faɗa."

"Da ban ba ki ko ɗaya ba."

Na ce, "Da ban turo maka saƙo ba kuma fa?" Ya rufe fuska da hularsa.

Ranar Lahadi aka sallame mu. Lahadin da ta ce. Ina haɗa kaya na juyo na ga ta riga ta saɓa shi a bayanta, ta ɗaure da kangarta ta kafaɗa, ƙulli biyu. Me zan ce? Da wane bakin? Ta ce, "Mu biya ɗakin in ɗauki kayansa da katin awo. Bas ɗin ƙarfe biyu zan bi."

Muka shiga. Ƙofa a karye, kurfoti ya zama toka. Shukokin nan kuwa suna nan a zagaye yadda na jera su, kore shar, ko ganye ɗaya bai yanƙwane ba. Mu muka kusa mutuwa, su ba abin da ya same su. Na ji kamar in tattake su.

Ta buɗe jakar buhu ta fara zuba kayansa. 'Yar hularsa mai kunnen zomo. Safarsa. Kofinsa. Yana bayanta yana miƙo min hannu yana cewa "ma, ma," nonona ya cika yana zuba har ya jiƙa min riga. Maman Doto tana bakin ƙofa ta toshe baki da gefen zani.

Sai idona ya sauka a bayan ƙofa. Shuɗin gwangwani. SANTE.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na je na karyo ganye ɗaya, na ƙulla shi yadda na ga kakata tana yi. Na zube a gabanta gwiwa biyu a kan siminti, na ɗaga shi sama da hannu biyu, kaina a ƙasa.

"Mama, na yi laifi. Na kusa kashe miki jika da wautata. Ki yafe min. Kada ki raba ni da shi."

Ina jin ɗigar ruwa daga kwanon rufi.

"Na gwangwani?" ta ce. "Na bakin titi, wanda ake sayar wa otal? Shi kike miƙo min?"

"Shi nake da shi, Mama."

"Sai yau kika tuna ke 'yar dutse ce."

Hannuna ya fara gajiya amma ban sauke ba. Na ce ko zuwa gobe ne. Maman Doto ta kasa daurewa ta ce, "Haba Kaka, ni ba 'yar garinku ba ce, amma ganye ai bai san a gwangwani yake ba."

"Wa ya sa da ke?" Tsohuwa ta daka mata tsawa. Sannan na ji ta ja dogon numfashi, irin na wanda ya sauke itace. Na ji busassun yatsunta sun taɓa nawa. Ta zare ganyen.

"Sale sale ne," ta ce. "Tashi."

Ta kwance ƙulli na farko, ta kwance na biyu, ta zamo da shi ta gaba ta ɗora min a ƙirji. Ya cafki nono ta saman riga. Na zauna daɓas a ƙasa ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, alhali dawo min da rai aka yi. Maman Doto ta rangaɗa guɗa har 'yan haya suka fito.

Ina cewa an gama. Ashe tsohuwa ba ta gama ba.

Ta zauna a bakin gado ta kwance gefen kangarta ta ƙugu. Ta fito da wani ganyen, ƙullalle, ya ɗan yanƙwane. Kafin in gane me ke faruwa, matar da ta haifi mijina ta sauko ƙasa a gabana, gwiwoyinta suna ƙara, ta miƙo min da hannu biyu.

"Mama! Don Allah tashi!" Na karɓe da sauri don kawai ta tashi. Na karɓa, jama'a. Da hannu biyu. Ban tsaya jin roƙon ba.

Ta ce, "A kan Bariki na tsinko shi jiya da asuba. Da aka kira ni na ce bakina ne. Ni na ambaci kabari a kan yaron nan. Na taho da shi ne in ba ki in na tarar ya tafi." Ta goge ido da bayan hannu. "Bai tafi ba. To roƙon ya canza. Ɗa ɗaya na haifa, na binne shi. Gidan nan in na yi tari ba mai ce min sannu sai saniya. Ba zan ƙwace shi ba, na karɓi ganyenki. Amma Disamba, in kowa ya hau gida Kirsimeti, ki hau da kayanki duka. Ke da shi. Kada ki sauko."

Ta miƙe ta zazzage kayansa daga jakar buhun a kan gado, ta naɗe jakar ta sa a hammata. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ki buɗe tagar nan, Maman Sante." Ta tafi ta bi bas ɗinta ita kaɗai.

Yau Talata. An gyara ƙofa. Kurfoti yana waje, can zai mutu. Tagar a buɗe take ko ana yayyafi, na gwammace in rufa masa bargo uku. Shukokin na mayar da su jikin bango, ban yi musu komai ba, ba su suka hura wuta ba. Likita ya ce danshin bangon nan ne yake ciyar da tarin, in nemi wani ɗaki. Sante kuwa ga shi nan yana jan gashina ina rubutun nan, nawa ne, a cinyata yake, ba wanda zai saɓa shi a baya ya tafi. Ku taya ni murna, don Allah ku taya ni!

Ɗazu da yake shan kunun nan waya ta yi ƙara.

"Aichi, na samo ɗaki a unguwar Kijenge. Taga biyu, manya, rana tana shiga har gado, bango a bushe. Ya ishi mutum uku. In kin yarda in je Marangu in gaida Mama yadda ya kamata."

Bai san da ganye na biyu ba. Ban faɗa masa ba.

Ganyen yana nan a kan taga inda na ajiye shi, ƙullin bai kwance ba. Na rubuta "Mhina" na goge. Na sake rubutawa na goge. Shi kuma yana ganin alamar ina rubutu, don yanzun nan ya sake turowa:

"Ina jira. Ba na sauri."

Shi ba ya sauri. Disamba ce take sauri.